Lakar da na shafa a rufin motar Yaya

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Shi da Ya san abin da hannu ya aikata ko da baki ya ɓoye. Shekarar da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawo, ruwa ya ci garinmu na bakin kogi, aka kwashe mutanenmu zuwa sabon gari mai lamba maimakon suna, a kanta nake son in tsaya. Ku 'ya'yana da 'ya'yan Yaya Haruna, kun daɗe kuna jin cewa sakacin Yaya ne ya cinye takardun kakanmu. Wasunku suna nan ranar da aka gyara wannan magana, amma da yawanku kuna Managil, ko Hartum, ko ƙetare, kuma ƙarya ta riga gaskiya shiga kunnuwanku da shekara shida. Shi ya sa ni Sa'idu na rubuta shi da ajami, da hannuna, na ce a juya muku shi da boko, don kada wani ya ce an ce.

A lokacin ni ba a garin nake zaune ba. Ina Suki, ina aikin gafir, wato mai tsaron ƙofofin ruwa na tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonaki. Kusan shekara talatin na yi ina buɗe ruwa ina rufewa. Ƙofofin nan na ƙarfe ne, sun girme ni, kuma tsatsa ta zama musu riga. Aikin ya koya mini abu biyu. Na farko, ƙarfen da ya cije, a zuba masa mai, a zura masa masura, wato guntun bututun ƙarfe, a danna da dukan jiki, zai bi. Na biyu, duk inda ruwa ya sami kafa, a cusa laka. Masurata ba ta rabuwa da ni, ita ce sandata, da ita nake zuwa masallaci, da ita nake korar karnuka. Abubuwan nan biyu sun ciyar da ku, kuma su ne suka kunyata ni.

Yaya Haruna ya girme ni da shekara biyar. Shi bai zauna gaban allo ba. Baba ya yi duka, ya yi lallashi, ya haƙura. Ya iya sallarsa da gajerun surori, sauran kansa kuwa ya ba inji. Ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana tuƙa wani attajiri a Jidda, da zai dawo gida maigidan nasa ya sallame shi da wata tsohuwar mota da iyalinsa suke fita shan iska da ita. Ba mota ba ce kamar motoci. Ɗaki ne a kan taya, da gado, da murhu, da famfo, har da makewayi. Aka ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Sawakin, ya tuƙo ta da kansa har ƙofar gidan Baba. Mutanen gari suka sa mata suna Tashi-mu-je. A rufinta akwai eriyar talabijin, wadda mu nan muke kira aryal, mai fukafukai biyu kamar shamuwa na shanya jiki. Daga cikin motar ake ɗaga ta da wani ɗan mariƙi da ke manne a rufi, a kuma juya ta da wani faifai da ke kewaye da mariƙin. Bayan La'asar Yaya yakan ɗaga ta, ya juyo da akwatin bakin ƙofa, rabin unguwa su shimfiɗa tabarmi. Duk lokacin da na zo ganin gida sai ya tsokane ni.

"Malam Gafir, matso ka ga duniya."

"Na ga wadda ta ishe ni, Yaya. Wanga ƙaho da ka kafa bisa mota, aljanu kawai yake tarawa."

"To ai gara. In sun taru wuri guda sai ka yi masu wa'azi, ka huta da yawo."

Haka muke, shi da dariyarsa, ni da ɗaure fuskata. Amma akwai abu ɗaya tsakaninmu da ba wasa ba ne, shi ne gafakar Baba. Jakar fata ce, cikinta takardu warƙa arba'in da 'yan kai, rubutun kakanmu Malam Ɗalhatu. Shi ne ya taso daga yamma zamanin da Nasara suka ci Sakkwato, da niyyar Makka, ya shekara tara a hanya, ƙarfinsa ya ƙare a bakin wannan kogi. Duk zangon da suka yi ya rubuta sunan gari, da sunan rijiya, da wanda aka haifa, da wanda aka binne, da kakanninmu har bakwai. Matafiyi ba ya zaɓen tawada. Da tawadar allo ya rubuta, ta gawayi da ƙaro, wadda tun asali an yi ta ne don a wanke. Al'adar gidanmu ita ce, kashegarin Babbar Sallah, bayan an ci nama, a taru a karanta takardun nan daga farko har ƙarshe. Baba ne yake karantawa, da ya rasu ya koma kaina. Amma gafakar tana gidan Baba, hannun babban ɗa. Sau biyu na roƙi Yaya ya ba ni ita, sau biyu amsarsa ɗaya.

"Gafakar Baba tana inda Baba ya rataye ta. Kai ka iya karatu, ni na iya tsaro."

Maganar ta zauna mini a maƙoshi shekara da shekaru. Kuma in faɗi gaskiya duka, ba wanda ya hana ni in zauna kwana uku in kwafe takardun. Kowace Sallah nakan ce baɗi.

Da aka sa ranar tashi, cikin tsananin bazara, na zo daga Suki in taya kwasar kaya. Yaya da kansa ya sauko da gafakar daga ƙusar da ta shekara a jiki, ya shiga da ita Tashi-mu-je, ya sa ta a wani ɗan kabad da ke can sama kusa da rufi, ya rufe. Ya ce nan ba gara, ba ɓera, ba ruwa, motar da ta ƙetare teku ba ta jiƙe ba. A raina na san ya yi dabara. Ranar tashin da safe aka kira masu gida Damazin, gaban lajana, wato kwamitin da ke raba sababbin gidaje. Ya ce zai dawo kafin manyan motoci su iso. Hanyar sabon gari tana bi ta ƙarƙashin itatuwa da sababbin wayoyin lantarki, ga eriya tsaye bisa mota tun daren jiya. Na dube ta, na ce bari in rage wa Yaya aiki. Ko kuwa, in zan auna zuciyata da ma'aunin gaskiya, na so ne ya dawo ya tarar malamin da yake yi wa dariya ya iya injinsa. Matarsa Hajiya Rabi, wadda tun tana amarya take kirana Mai Ƙofa, ta gan ni ina hawa motar.

"Mai Ƙofa, bar ta. Akwai yadda Alhaji yake lallashinta."

"Ke dai je ki ɗaure tukwanenki. Ƙarfen da ya fi wanga sau ɗari na murɗa kafin in karya kumallo."

"To. Amma dai ba tur'a ba ce."

Ta tafi wajen kayanta. Na kama mariƙin na murɗa. Eriyar ta sauko kamar taki ɗaya, ta cije. Na mayar da ita sama, na sake saukowa, ta sake cijewa a wuri ɗaya. Gafir ba ya da suna biyu ga irin wannan, tsatsa ce. Na ɗebo man riɗi daga kayan miyar Hajiya na ɗiga a gindin mariƙin, na zauna na yi salati ɗari don man ya shiga. Na sake gwadawa, ko gezau. Sai na jawo masurata na zura a mariƙin, wanda bai fi tsawon yatsa ba, na yi bismilla, na danna kamar yadda nake danna ƙofar ruwa. Na ji ƙas a cikin rufin, sannan wani abu ya faɗi tim a bisa kaina. Mariƙin ya shiga juyawa a hannuna sakaka, ba ya jan komai.

Na hau tsanin da ke bayan motar. Eriyar tana kwance a karkace, ba a mazauninta ba. Farantin gindinta ya ɗago ta gefe ɗaya, farin danƙon da ya like shi da rufi ya yage, ga kafa da yatsa zai shiga. Na daidaita fukafukan da hannu, na ɗaure su da waya. Sannan na sauka bakin kogi, kogin da zai cinye garin bayan 'yan watanni, na ɗebo laka mai yauƙi, na cuɗa ta da kashin jaki yadda muke yaɓen rufin ɗaki, na cusa a kafar, na shafe sumul, na barbaɗa ƙura a kai. Ranar bazara ta busar da ita kafin Azahar. Wallahi a lokacin na yarda za ta riƙe. Abin da na manta shi ne, gafir yana komawa ya duba toshiyarsa kullum, rufin ɗaki kuma ana sabunta masa yaɓe kafin kowace damina. Ni kuwa kwana uku kawai suka rage in koma Suki. Na san gafakar tana cikin motar. Ban tambayi kaina wane gefe take ba, ko kuwa ban so in tambaya ba.

Yaya ya dawo da takardar gida a hannu, ya ɗaga kai.

"Wa ya saukar da aryal?"

"Ni."

"Ta ba ka wuya?"

"Ko kaɗan."

"Ikon Allah! Rabi, zo ki gani, ashe malamai ma sun iya wani abu."

Wannan ko kaɗan ita ce ƙaryar farko. Ƙarama ce, ba ta fi ƙwayar riɗi ba, kuma na haɗiye ta ba tare da ruwa ba.

A sabon gari akwai lantarki. Babban ɗan Yaya ya aiko da farantin tauraron ɗan'adam, talabijin ta koma cikin gida, Tashi-mu-je aka tura ta bayan katanga, aka cika ta da tarkace aka kulle. Daga baya Yaya ya lura mariƙin yana juyawa sakaka, ya ɗora wa gargadar hanya. Damina ta zo, ta yi ƙarfi a wannan shekara. Ina Suki ina toshe tur'a dare da rana, ko sau ɗaya ban ce bari in aika a duba rufin mota ba, don in na aika sai an tambaye ni dalili.

Babbar Sallah ta zo bayan ɗaukewar ruwa. Ban taɓa ganin dangi sun taru kamar na wannan shekara ba. Tsohon gari yana ƙarƙashin ruwa, da masallacinsa, da kabarin Baba da na Inna, mutane suna son su ji an kira musu sunayen wuraren da aka taɓa bari a baya, ko zukata su yi sanyi. Aka cika rumfar ƙofar gida, mata suna bayan zana. Yaya ya tafi ɗauko gafakar. Tun daga nesa na ga tafiyarsa ta sauya. Ya ajiye ta a gabana, ta yi nauyi, tana warin ruma. Na kwance igiyar. Warƙoƙin sun manne wuri ɗaya kamar kisra, siririyar wainar dawar nan, da aka jera aka manta da ita. Na sa farce na ɓamɓaro ta farko. Babu rubutu, sai toka-toka kamar allon da aka wanke. Ta biyu haka, ta goma haka. Nan da can a gefe wani harafi yana tsaye shi kaɗai. Na tashi na je motar, na leƙa. Ga sawun ruwa, ja-ja, ya taso daga gindin mariƙin, ya bi rufi, ya gangara cikin kabad ɗin kamar an ja layi da alƙalami. Ba sai an karanta mini wannan rubutu ba.

Daga motar zuwa rumfar taki ashirin ne. Na ƙirga su daga baya, sau da yawa. Cikin takin nan ashirin ina da damar in zama mutumin da na daɗe ina wa'azin a zama. Na iso, idanu suna kaina, da na surukai, da na 'ya'ya, da na waɗanda suke bina salla. Sai tsohon ƙullin nan na maƙoshina ya sami ƙofa.

"Shekara ɗari takardun nan suna rataye a ɗakin laka, ba su jiƙe ba. Sun ƙetare Wadai bisa jaki, ba su jiƙe ba. Sai da suka faɗa hannun wanda bai san alif ba, ya kai su ƙarƙashin ƙahon talabijin. Sau biyu na roƙe ka, Yaya. Ka ce ka iya tsaro. To ga tsaron."

Yaya ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Gaskiya ne, Malam. Ni na sa su can."

Ranar ce ta farko da ya kira ni Malam ba tare da ya ƙara Gafir ba, kuma ba dariya a ciki.

Shekara shida ban koma Sallah gida ba. Karatun ya mutu. Muna haɗuwa wajen jana'iza, mu gaisa kamar surukai. Ina jan salla a ƙaramin masallacin unguwarmu a Suki, har nakan karanta wa mutane hukuncin wanda ya aikata laifi ya jefa shi kan wanda bai ji ba bai gani ba, muryata ba ta rawa. Ku da kuka tashi a gabana, kun tuna shekarun da nake faɗa a kan ƙofar da aka bari buɗe, a kan shayin da ya huce. Ba ƙofar ba ce, ba shayin ba ne. Na yi ta gwada rubuta takardun daga ka. Farkonsu da ƙarshensu suna bakina kamar Fatiha, amma tsakiyar, daga Wadai zuwa Fashir, ta cakuɗe, wannan rijiya ta hau kan waccan. Nakan ji labarin Yaya yana yawan hawa bas, yau an gan shi Managil, gobe Sinnar. Na ɗauka kasuwanci ne, ban tambaya ba.

Wata rana da hantsi, lokacin cirar auduga, ina zaune gindin bishiya a bakin hawashata, gonar da na koma bayan na ajiye aikin gafir, sai ga amalanken jaki ya tsaya. Wani tsoho ya sauko da ƙyar, yana ɗingishi. Sai da ya yi sallama na gane muryar. Ciwon sukari ya tsotse shi, idanunsa sun yi hazo. Yana rungume da jakar leda. Na shimfiɗa masa buhu, na zuba masa jabana, gahawarmu ta nan, bai taɓa kofin ba. Ya buɗe ledar ya fito da littattafan rubutu uku irin na 'yan makaranta, da wata tsohuwar waya.

"Ban iya rubutu ba, ka sani. Amma na iya hanya. Duk tsohon da na ji kakansa ya biyo ayarin kakanmu, na tahi na zauna gabansa. Ƙauyukan Jazira, bayan Managil, har Gadarif. Wasu sun rasu kafin in kai. Waɗanda na iske, muryarsu tana cikin wayar nan, wanga kuma duk wanda na samu mai alƙalami shi ya rubuta mani. Ba zai kai na da ba. Ka haɗa da abin da ke kanka. Ka yafe mani, Malam, kafin in tahi. Ba na son in haɗu da Baba da wanga kaya bisa kai."

Na dubi littattafan. Hannu daban-daban, wani da biro, wani da fensir, wani shafin da tabon shayi. Na dubi ƙafarsa ta hagu, naɗe da ƙyalle cikin silifa. Masurata tana jingine da bishiyar, tsakanina da shi. Ban san yadda aka yi ba, na ji ta a hannuna, na ajiye ta a gabansa, na faɗa masa komai, daga man riɗi har zuwa taki ashirin. Ban rage ba, ban yi wa kaina ado ba. Jakin amalanken ya yi kuka, ya gama.

"Laka?"

"Laka, Yaya."

"Da kashin jaki. Bisa motar da ta ƙetare teku."

Ya yi wata dariya da ba ta da ɗanɗano, ta juye ta zama tari. Ya goge ido da bakin rawani.

"Takardu ƙaddara ce, Sa'idu. Ko ni na iya karya aryal ɗin. Amma ka san sau nawa na kwana tasha bisa kwali? Ka ga ƙafar nan? Ƙaya ce ta soke ni a hanyar wani ƙauye, ina neman tsohuwar da aka ce ta san sunan rijiya. Babban yatsa ya tahi. Shekara shida 'ya'yana suna sunkuyar da kai in an ambaci kakansu. Kai kana nan kana jan salla."

Ya mayar da littattafan cikin ledar, ya ɗaure bakinta.

"Wanga ba naka ba ne tukuna. Inda ka faɗi waccan, nan za ka faɗi wagga, rana irin ranar, gaban mutane irin mutanen. Kuma abin da ka karya, ka gyara shi da hannunka."

Na roƙe shi ya tsaya ya ci abinci, ya ce ya ƙoshi. Amalanken da ya kawo shi, shi ya mayar da shi.

Rijiyar da ya ambata, ita ce wadda aka binne Hauwa a gefenta, 'yar farin kakanmu, tana da shekara huɗu. Kowace Sallah in na kai wurin mata sukan yi mata addu'a daga bayan zana. Na karanta sunan rijiyar ya fi sau ashirin, ya fita daga kaina fit, tsohuwar da Yaya ya je nema kuma ya tarar an yi kwana bakwai da binne ta. A kwafin da na haɗa daga baya za ku ga na bar fili a wannan layi. Kada wani ya cike shi da zato.

Saura mako ɗaya Sallah na isa sabon gari. Tashi-mu-je tana zaune a kan sassaƙen dutse, tayoyinta sun ruɓe, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Ba wanda yake bukatar eriyarta, ba ma tashar da za ta kama. Ban yi gardama ba. Na kwance mariƙin, na fito da abin da na karya, ashe wani ɗan haƙorin roba ne, bai fi goro ba, shi na danna da ƙarfin ƙofar tur'a. Na kai shi Damazin, unguwar maƙera, aka yanka mini irinsa da tagulla, na sayo farin danƙo na like rufi. Da gemuna fari na hau tsanin nan. A ƙarƙashin farantin na tarar da ragowar lakata, ta bushe kamar katangar tukunya, na kankare ta da wuƙa. Yaya yana ƙasa kan angarib, gadon igiya, cikin inuwa, yana ba da umarni kamar mai gona. Hajiya Rabi ta fito da shayi, ta ɗaga kai.

"Mai Ƙofa, in aika a samo maka kashin jaki, ko ka taho da naka?"

Na ci gaba da aikina. Na cancanci fiye da haka.

Kashegarin Sallah aka cika rumfar, don Yaya ya aika wa kowa cewa bana akwai karatu. Na miƙe tsaye. Na faɗi yadda aka yi, na maimaita maganar da na jefi Yaya da ita kalma kalma, na ce ƙarya ce, ni na karya, ni na toshe da laka, ni na ɓoye. Wata gwaggo ta yi salati bayan zana. Babban ɗan Yaya ya tashi ya fita, kuma har yau gaisuwarsa gare ni ba ta wuce kalma biyu, ban ga laifinsa ba. Yaya bai ce ya yafe ba. Ya miƙo hannu na ɗaga shi, ya ce in kai shi mota. Muka shiga mu biyu, ya zauna bakin gadon, ledar tana cinyarsa.

"Ɗaga aryal."

Na murɗa, ta tashi sumul har ƙarshe.

"Sauke ta."

Na murɗa. Ta sauko taki ɗaya, ta cije, daidai inda ta cije shekara shida da suka wuce.

"Ta sake cijewa, Yaya."

"Ina masurarka?"

Na sunkuyar da kai.

"Ɗaga kanka. Ni ba na gani, kai kana gani. Jikin faifan nan akwai 'yar kibiya. Bisa rufi akwai wata. Juya faifan har su dubi juna."

Na juya. Na ji fukafukan sun waiwaya a sama, kibiyoyin suka haɗu.

"Yanzu murɗa. Da yatsa biyu."

Na sa yatsa biyu. Ta sauko a hankali, ta kwanta a mazauninta kamar tattabara ta koma gurbi, ko ƙara ba ta yi ba. Ba tsatsa, ba cijewa. In ba ta fuskanci mazauninta ba, ba ta saukowa, shi ke nan.

"Wanga kawai ne ba ka tambaye ni ba," in ji Yaya.

Ya laluba ya kamo hannuna, ya ɗora mini ledar a kai, ya danne da tafinsa.

"Halas, ya wuce. Ba ka bina, ba na binka. Tashi mu je, Malam Gafir, mutane na jira. Inda ka tuna ka karanta, inda na samo ka karanta. Inda babu, ka yi shiru su ji."